Laifina Kawai Na Ce Ni 'Yar Gida Ce

Zuwa ga Alhaji, Shugaban Hukumar Gudanarwa ta makarantar ƙasa da ƙasa da ke Abuja wadda ta yi mini alkawarin aiki.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da fatan kana lafiya da iyali. Ban ambaci sunanka ko na makarantar ba, don ban zo tozarci ba. Wasiƙa uku na aiko ofishinka, ko "mun gani" ba a ce mini ba, shi ya sa na fito fili.

Ni malamar kimiyya ce a wata sakandare a nan birnin Greensboro da ke ƙasar waje, shekarata goma sha ɗaya ina riƙe da aji. Mahaifina yana Zariya, shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi. Ina so in dawo kusa da shi tun yana gane ni.

Na farko. A watan Fabrairu na yi tuƙin awa biyar zuwa taron ɗaukar malamai, inda makarantun duniya ke kafa tebur suna ganawa da masu neman aiki. Wakilinka, Bature, ya duba takarduna ya yaba, ya ce an ɗauke ni a matsayin malamar da aka ɗauko daga waje: gida, kuɗin jirgi, da gurbin karatun 'ya'yana biyu. Daɗi ya ɗebe ni, na ce masa ai ni 'yar gida ce, a Tudun Wada aka yanke mini cibiya. Mu haka muka taso, ba a ɓoye asali. Ya yi murmushi, ya rubuta wani abu.

Na biyu. Dokar taron ita ce alkawarin baki ya ɗaure malami, wanda ya saɓa ba zai sake shiga ba. Na riƙe nawa. Na ƙi wata makaranta, na ajiye aikina, na sanar da masu gidan da nake haya kusa da titin Gate City Boulevard zan tashi. Har an ɗauki wani a gurbina.

Sai ga takardarku: tunda haifaffiyar Najeriya ce ni, an mayar da ni sahun waɗanda aka ɗauka a gida. Babu gida, babu jirgi, babu gurbin yara. Wallahi raina ya ɓaci, har yau bai huce ba.

Na uku, kuma shi ya fi ci mini rai. A taron nan kun ɗauki wata Baturiya da cikakken tanadi. A ajina ta koyi koyarwa, ni na sa mata hannu a takardar kammalawa. Ban yi mata hassada ba, yarinyar kirki ce. Amma Alhaji, me ta fi ni da shi ban da rashin sanin hanyar Zariya? Kai da kake yawan kiran 'yan ƙasa su dawo su gina gida, ashe wanda ya amsa kira shi ake yi wa yankan baya?

Ina roƙon abu biyu. A mayar mini da sharuɗɗan da aka faɗa mini baki da baki. A kuma rubuta wannan ƙa'ida ƙarara a teburinku, kada wata ta faɗa ramin da na faɗa.

In ba za a yi ba, ka gaya mini abin da zan ce wa Baba. Ya sa an share ɗakin marigayiya mahaifiyata, kullum yana tambayar ƙanena ko saura wata nawa in dawo.

Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya sa 'ya'yanka su same ka a lokacin da kake buƙatarsu.

Wassalam.

Malama Rakiya,
Greensboro.