Zuwa ga Yaya Habu: na hau Kufena da sabuwar jaka

Assalamu alaikum, Yaya.

Bayan gaisuwa irin wadda ta kamaci ƙani ga wansa, ina rubuto maka ne daga shagon ɗinkina na Kinkinau, shekara biyu ke nan da muka kai ka makwancinka. Na san ba za ka karanta ba, amma labarin nan ba ni da wanda zan ba shi sai kai.

Ranar Asabar na hau Dutsen Kufena.

Likita ne ya ce ciwon suga ya fara kama ni, in ban koma tafiyar ƙafa ba sai dai allura. Da 'yata Hauwa ta ji, sai ta haɗa ni da wasu matasa da ke taruwa a Rigachikun su shiga mota zuwa Zariya hawan dutse. Ta kuma sayo mini kaya.

Da ka ga jakar, da ka yi dariya. Da yatsa biyu nake ɗaga ta. Tana da ɗamara a ƙugu, don haka nauyi ba ya sauka a kafaɗa. Ruwa ma a wata leda yake cikinta, ga 'yar tiyo ta zagayo ƙirji, kana tafiya kana zuƙa.

Tamu kuwa ta da, wadda muke hawan dutse da ita, kai ka ɗinka ta a Rafin Guza da ragowar tampol ɗin mota, ka yi mata hannu da tsohon bel ɗin injin niƙa. In ruwan sama ya dake ta sai ta ninka nauyi. Har yau da tabonta a kafaɗata. Gorar ruwa ɗaya gare mu, naɗe da jiƙaƙƙen buhu, kuma kullum ni kake fara miƙa wa kana cewa, "Sha, amma ka tuna da mai gora."

Wani daga cikin matasan ya nuna mini tantinsa, na mutum ɗaya, a nannaɗe bai fi buredi ba. Namu sai mutum biyu, kai da ƙarafa, ni da zane. Ko mun yi faɗa a hanya, dole mu shirya kafin magariba.

Zan faɗi abin da ba za ka taɓa yarda da shi ba: takalmin yanzu ya fi takalmin sojan da muke saya a gwanjo. Na hau na sauko, ko bororo ɗaya ban yi ba.

Hanya kuwa waya ce ke nuna ta. A da sai mu tambayi manoma, ka tsaya gaisuwa har raina ya ɓaci, mu wuce da gyaɗa cike da aljihu. Ranar Asabar ba mu tsaya wajen kowa ba.

Yaran na da kirki. Baba suke kirana, suna jira na a kowace kwana. Da muka kai sama suka shiga ɗaukar hoto, ni kuma na zauna gefe ina kallon Zariya. Na juya hagu zan ce maka ka ga yadda gidaje suka cinye gonakin nan. Sai na tuna ba ka nan.

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Bayan ƙaramar sallar shekarar da ka rasu, ka zo shago ka ce gwiwarka ta yi sauƙi, mu koma Kufena ko sau ɗaya. Na ce ɗinki ya yi mini yawa, ka bari sai bayan babbar sallah. Ka ce to, ka ɗan zauna a benci, ka tafi. Ba ka kai babbar sallah ba.

Ɗinkin bai yi yawa ba, Yaya. Kasala ce kawai. Ka yafe mini.

Allah Ya haskaka kabarinka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya sa ka huta. Mu kuma in tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani, Ya haɗa mu inda ba a rabuwa.

Ƙaninka,
Lawal