Tudun da Rana ta Dafa

Bakin kogin Mosel, ƙarshen Agusta

Hedwig tawa,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙirjin naki, tarin ya lafa? Ina 'yarmu Gisela da jaririnta? Ni lafiya lau, in ban da gwiwa.

Kin ce in saurari ƙanenki Alfons. To bari in tuna miki. Tudun nan ƙaya ce da duwatsu ranar da na saye shi. Ni na sare shi, ni na kafa kowane turke, ni na dasa kowace kurangar inabi ina rarrafe. Duk ƙasar da ruwan sama ya kwaso zuwa gindi, a bayana ta koma sama. Ban gaji taki ɗaya ba, ba wanda ya riƙe mini igiya. Farar giyata kuwa, mai tsamin nan da ke wanke baki kamar ɗanyen tuffa, har daga Hamburg ake zuwa nemanta.

Na zage ganyen da ke rufe 'ya'yan, yadda nake yi kowace shekara don su sha rana. Alfons ya tsaya a kan hanya yana ɗaga murya, wai "Suruki, gasa su za ka yi ko giya?" Na ce ya koma kwarinsa mai sanyi inda ko kwaɗo sai da riga. Wai zai fara tsinkar nasa inabin mako mai zuwa. A garin nan, wa ya taɓa tsinkar inabi kafin Oktoba?

Ki sha magani. Ki sumbaci jaririn.

Mijinki,
Ottmar

Bakin Mosel, Maris

Hedwig tawa,

Ina gaishe ki, ina fatan sanyin Koblenz bai tayar miki da ciwon ba.

Abin da na ɓoye miki a waya ke nan. Bara dare bai yi sanyi ba. Dutsen tudun da ke riƙe zafi ya ciyar da mu shekara da shekaru, shi ya dafa inabin. Ɓangaren da rana ke duka ya ƙone, sauran ya yi zaƙi ya saki tsaminsa. Giyar ta fito lami, mai nauyi, kamar ruwan zuma da ya kwana.

Masu ɗanɗano na hukuma sun ƙi ta. Ba lambar shaidar inganci, ba izinin sa sunan tudu a kwalba. Ta Alfons kuwa sun karɓa. Ya kawo mini kwalba guda, ya ajiye ya juya, da ma zagina ya yi. Na sha, Hedwig. Giyata ce ta dā, a kwalbar wani.

Jiya motar tanki ta zo ta zuƙe gangunana, za a gauraya da ta mutum ɗari a sayar a kanti ba suna. Direban yana cin burodi yana tambayata ko gidan nan ma na sayarwa ne.

Likita ya ce gwiwar ba za ta sake hawa tudu ba. Na bar wa Alfons tudun. Zai tumɓuke kurangata ya dasa jan inabi, wai shi ke son zafi.

Ganga ɗaya na hana su. Ki dawo ki rubuta takardun kwalaben. Na san giyar ba ta da daɗi, ba kuma sayarwa zan yi ba. Kowane gida a garin nan zai sami kwalba ɗaya. Sun hana sunan tudu, ba su hana nawa ba. Ki rubuta shi da manyan baƙaƙe, cikakke, kada ki gajarta ko harafi ɗaya.

Mijinki har kullum,
Ottmar Felzen