Gemun Rutilio

Juárez, watan Fabrairu, 1999

Zuwa ga Yaya Otilia,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa. Ina fatan gwiwarki ta yi sauƙi, raken gonarki kuma ya yi kyau. Ni lafiya lau, gwanjo na tafiya, sai dai matan garin nan sun iya taya kaya kamar kyauta suke nema.

Ki taya ni yi wa kamfanin da ɗanki Rutilio yake aiki addu'a, don ban taɓa ganin masu tausayi irinsu ba. Kwanson talabijin suke yi, kuma saboda tsabar ƙaunar talabijin ɗin nan, ba sa son ko tartsatsi ya taɓa shi. Akwai wata farar hoda da ake zubawa cikin robar kafin a narka, ita ke hana ta kama wuta. Ɗanki ne ke farke buhunan yana juyewa cikin injin. Don nuna karamci, kowace safiya ana ba shi kofin madara, wai tana wanke ƙirji. Da madara na wanke ƙirji, Yaya, ai da maruƙan duniya ba su taɓa tari ba.

Rutilio yana tari. Wuyansa da hammatarsa duk ƙuraje, inda gumi ya haɗu da hodar. An kawo musu sabuwar nas mai hankali, ta matsa har aka sayo takunkumin roba mai matatar iska biyu. Kowa ya sa ya zauna daram, ban da ɗanki. Ta ce masa: "Malam, wannan abin da fata yake mannewa, ba da daji ba. Hoda tana bi ta cikin gashin tana shiga, kamar ka rufe ƙofa ka bar taga."

Na ce ya aske. Ya ce min, "Inna, kin manta bakancen da na yi?" Ban manta ba. Na san ya yi wa Baƙin Almasihu, siffar nan ta majami'ar Otatitlán, alkawari, bayan matarsa Zenaida ta yi ɓari na biyu, cewa reza ba za ta taɓa fuskarsa ba sai ya riƙe ɗansa a hannu. Yanzu cikinta ya tsufa. Ke kaɗai yake jin maganarki. Ki rubuto masa.

Taki har kullum,
Herlinda

*

Acayucan, watan Maris

Zuwa ga ƙanwata Herlinda,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Na sami wasiƙarki, na gode da rigar sanyi, ko da yake nan zafi muke sha.

Ke tun kina yarinya bakinki ya fi ƙafarki sauri. Ba ki kasance a wurin ba ranar da muka binne na biyun a akwatin da bai kai na takalmi ba. Ni na durƙusa kusa da Rutilio a gaban bagadi sa'ad da ya yi alkawarin. Tun daga ranar cikin Zenaida ya zauna. Yanzu kuma, saura kaɗan, kike so in ce masa ya warware? In wani abu ya faru, da wane ido zan kalli yarinyar nan?

Ubansa ya yi shekara da shekaru cikin hayaƙin ƙona rake da gemunsa, bai mutu da tari ba. Ki ce wa Rutilio ya sha madararsa, ya ɗaura hankici a hanci. Na aiko da zuma da ganyen shayi ta hannun direba Crispín.

Allah ya kiyaye ku duka.
Yayarki,
Otilia

*

Juárez, watan Maris

Yaya,

Gaisuwa. Zuma ta iso, Crispín ya ɗanɗana mana rabi don ya tabbatar ba guba ba ce.

Gaskiyarki, ban je jana'izar ba, kuma ban yi wasa da hawayenki ba. Amma bari in gaya miki abin da idona ya gani ranar Lahadi.

Na kai wa su Rutilio tamal, alalar masarar nan tamu. Na tarar Zenaida tana wanki, kayan aikinsa da 'yan rigunan jaririn da na ware mata daga dilar gwanjo, duk a baho ɗaya. Ruwan ya yi fari kamar an dama gari. Na ƙwace bahon. Nas ta riga ta gaya musu kayan aiki a kamfani ake barinsu, a yi wanka kafin a fito, amma bandakin wankan ɗaya ne ga mutum kusan ashirin, motar ma'aikata kuma ba ta jiran mai sabulu a ido.

Sai na ɗauko kaskon gasa tortiya, wainar masararmu, baƙin nan, na ce wa Rutilio, "Zo nan, Annabi Musa, zauna."

Ya ce, "Inna, me kuma za ki sayar min?"

Na ce, "Yau kyauta ne. Zenaida, taje masa gemun a kan kaskon nan."

Yaya, wannan mutum ne da ya wanke fuska jiya da yau. Tana tajewa, hoda na zuba a kan baƙin ƙarfen kamar ana barbaɗa gishiri. Zenaida ta tsaya da matajin a hannu. Can ta ce a hankali, "Da wannan kake sumbatar cikina kullum in ka dawo?"

Ya fita waje ya daɗe, muna jin tarinsa.

Ba na ce miki hodar ce ta jawo ɓarin baya ba, lokacin ma bai shiga ɗakin haɗa hodar ba, kuma ni ba likita ba ce. Nas dai ta ce irin wannan abin ba ya fita daga jiki da wuri, yana taruwa, har a nonon uwa ana samunsa. Hayaƙin rake na wata uku ne a shekara, a fili, iska na kwashewa. Wannan ɗaki ne rufaffe, kullum.

Na ja shi wurin Fada, limamin majami'ar unguwarmu. Fada ya ce Allah ba wanzami ba ne, ana iya musanya bakance da wani abu. Ɗanki ya ce, "Fada, ba kai ka durƙusa kusa da ni ba. In Mama ba ta sake ni ba, ba na sakuwa." Kin ga irin kan da kika haifa. Shi ma tsoro yake ji, Yaya, irin naki. Yana ganin in ya aske ya kashe ɗansa, in bai aske ba ya shayar da shi guba. Ya daina cin abinci sosai.

Ba zan ƙara roƙo ba. Na shimfiɗa miki hajar, ke kika san abin da za ki ɗauka.

Ƙanwarki,
Herlinda

*

Otatitlán, watan Afrilu

Herlinda,

Gaisuwa. Daga ƙofar majami'a nake rubuto miki, ki yi haƙuri da rubutun.

Na zo. Na gaya wa Ubangiji cewa yaron nan da bakina ya yi alkawarin, don ni na raɗa masa kalmomin. Saboda haka nauyin nawa ne. Wata mai sayar da kyandir ta ara min almakashi. Kitson nan nawa da ban taɓa yankewa ba tun ina budurwa, yana rataye yanzu a bango tare da na sauran mata masu bakance. Ya fi gemunsa tsawo nesa, ba a cuci kowa ba.

Ki ce wa Rutilio uwarsa ta ce ya aske yau, ba gobe ba. Ki ce wa Zenaida ta raba bahon wanki. Kada ki yi min dariya in kin gan ni da ɗankwali.

Yayarki,
Otilia

*

Juárez, watan Mayu

Yaya,

Gaisuwa. Ban yi dariya ba, kuka na yi a gaban masu taya wando.

Ya aske. Haɓarsa ta fito fara kamar dankalin da aka fere, Zenaida ta yi ta dariya har jaririn ya shure ta. Takunkumi ya manne, tari ya ragu, ƙurajen suna bushewa. Ungozoma ta ce haihuwa ko yau ko gobe, muna nan muna jira.

Abu ɗaya kawai. Matatun takunkumin sun toshe, kuma sabbi sun ƙare a sito. Ogansu ya ce a riƙa buga tsofaffin a bango ana mayarwa, sai ranar da manyan suka sa hannu aka sayo wasu. Nas ta rubuta musu sau biyu, shiru.

Ke da kika saba da hanyar, Yaya, ki gaya min: wannan karon gashin wa za mu yanke?

Taki,
Herlinda