Igiyar Yaya Sadiq

Daren Asabar, Lanham

Yau na tafka shirme. Yaya Sadiq ya ce kar Umma ta san zai hau Dutsen Rainier, ni kuma na ɗora hotonsa a status, na manta tana gani. Nan take ta kira daga Kano. Dole na faɗa mata abin da na kalla a bidiyo: masu hawan dutsen tsakar dare suke tashi, kafin rana ta sassauta ƙanƙarar. Akwai ramuka a ƙarƙashinta, shi ya sa suke ɗaure juna da igiya.

Ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Wa ke riƙe da tasa igiyar?"

Wallahi ko sunan mutumin ban sani ba. Wayar Yaya kuma ba ta shiga.