Ciwon Da Ban Faɗa Wa 'Yar Farina Ba

Hajiya Innayatu, don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya kulle. Ki yi haƙuri da rubutuna, sai da na haura hamsin na koyi boko, kuma wadda zan yi miki maganarta ita ta kama hannuna ta koya mini.

'Yata ce ta fari. Kin san al'ada, ban taɓa kiran sunanta ba, ko a nan ba zan rubuta ba. A unguwarmu Ranuna ta nan Madina ma Ummu Walid ake ce mini, da sunan ƙanenta. Ta ɗan wuce arba'in, tana aikin wanki da guga a wani otal kusa da Harami, mijinta direba ne, yana jigilar dabino daga Khaibar. 'Ya'yansu biyu a hannuna suke wuni.

Kwanakin baya aka yi mata hoton mama a mustashfa, wato asibiti. Likita ta ce ba a ga wani abu ba, amma naman mamanta a cure yake, hoton ba ya nuna komai sosai, kamar a nemi farin zare a cikin auduga. Ta ce a ƙara da sonar, irin hoton da ake yi wa masu ciki, idan ta kama har da babban hoton da suke kira ranin. Aka tura wa kamfanin tamin, wato inshorar da wurin aikinta ya yi mata, suka ƙi amincewa. Wai ba ta jin ciwo, ba ƙulluto, kuma ita da bakinta ta ce wa likita babu mai ciwon mama a danginsu. Idan ita za ta biya, babban hoton zai lashe albashinta, ga sabunta iƙamar yara, wato takardar izinin zamansu a ƙasar, ta matso. Sai ta ce a bar shi kawai, lafiyarta ƙalau. A kan abinci ta faɗa wa mijinta, da Larabci, tana dariya. Ni kuwa na ajiye lomar da ke hannuna.

Hajiya, ba ƙarya ta yi wa likita ba, ba ta sani ba ne. Yayata Tasallah wannan ciwon ne ajalinta, a nan Madina. Ni nake wanke mata wurin, ni nake sauya ƙyalle, muka rufe ƙofa ba wanda ya gani. Da ta rasu kowa cewa yake ta yi dace, ta cika a birnin Manzo, na bar maganar a haka. Mahaifiyarmu ma a Damagaram mama ne ya kumbura ya fashe, aka ce daji ne, ba a ƙara ambatonsa ba. Lokacin Tasallah yarinyar nan ƙarama ce, na ce mata ciwon ajali ne. To yanzu da wane baki zan zauna da 'yar fari in yi mata zancen mama? Ko lokacin da take shayarwa maƙwabciya na tura ta nuna mata yadda ake yi.

Ina da awarwaron zinariya biyu. Na yi tunanin in sayar a ɓoye, in ba mijinta kuɗin ya ce daga wurin aikinsa ne, a yi hoton ba tare da na buɗe baki ba. Amma na san halinta, za ta iya kai kuɗin wurin iƙama. Idan ta dawo aiki ta zauna tana murza kafaɗa, sai gabana ya faɗi. Ina kallonta ta gefen ido kamar yadda na saba tun tana goye. Na rasa uwa, na rasa yaya. Ya zan yi?

Uwa daga Ranuna

*

Baiwar Allah, rubutunki ya fito sarai, kuma ƙaunarki ta fi shi fitowa.

Ki fara kwantar da hankali. Curewar naman mama ba cuta ba ce, mata da yawa haka aka halicce su. Ƙarin hoto neman tabbaci ne, ba hukunci ba. Amma kina da gaskiya da kika damu, domin kaka da yayar uwa a ɗaki ɗaya labari ne da likita ke bukatar ji.

Ba zan raina kunyarki ba. Da ita aka rene mu, kuma na san sau da yawa wanda ba a kiran sunansa shi ya fi zama a zuciya. Ita ma 'yarki ba sakaci ta yi ba. Ta auna hoto da takardun 'ya'yanta, ta zaɓi 'ya'yanta, kamar yadda ke kike shirin zaɓenta a kan zinariyarki. Sai dai ta yi awon ne da rabin labari, ɗaya rabin yana wurinki.

Shi ya sa ban goyi bayan sayar da awarwaro a ɓoye ba. Ko an yi hoton bana, baɗi likita za ta sake tambayarta, ta sake cewa babu. Labarin nan gadonta ne, kuma gadon 'ya'yanta.

Ki faɗa mata. Ba sai kin kalli idonta ba. Ku zauna kafaɗa da kafaɗa kuna ninke kayan yara, ki fara da Tasallah, sauran zai biyo. Idan baki ya ƙi, ki kira maƙwabciyar da kika amince da ita ta buɗe zancen, amma ki zauna a wurin.

Bayan haka ta koma wurin likitar ta gyara amsarta: wa ya yi ciwon, yana da shekara nawa. Ta roƙi a rubuta sabon rahoto a sake neman amincewar tamin. Ban san sharuɗɗan nata ba, ba zan yi miki alkawari ba, amma sau da yawa bukatar da aka ƙi a matsayin dubawa kawai akan sake duba ta idan likita ta kawo dalili. Idan sun sake ƙi, ta nemi dalilinsu a rubuce, ta kai koke hukumar da ke sa ido a kansu. Ta kuma tambayi likita ko sonar kaɗai zai wadatar a yanzu, tunda ya fi sauƙi, ta tambayi farashi a wuri fiye da ɗaya, da ko akwai ofishin taimako a asibitin. Idan duk ƙofofin sun rufe, a sayar da awarwaro, amma da saninta.

Ke ma ki je a duba ki. Uwarki ce, yayarki ce. Na ga duk wasiƙarki ba ki ambaci kanki ba.

Wadda ta kama hannunki ta koya miki rubutu ba za ta raina ki don kin yi mata magana ba. Sunanta ki ci gaba da ɓoyewa idan kina so, amma sunan ciwon ki faɗa. Allah Ya sa a duba a tarar da alheri, Ya bar ku tare ku ga auren jikoki.

Hajiya Innayatu