Guntun Katakon da Ya Karye da Kai

Assalamu alaikum, Baban Asabe. Ina gaishe ka gaisuwar da ba ka iya amsawa, tare da fatan kana cikin rahama.

Na fita takaba. Har yanzu a Dutsen Kura ana cewa ganganci ne ya sa ka taka katakon rufin nan ya karye da kai. Alhaji Sule da ya sayar maka da katakon shi ya fara faɗa, wai kayansa ba su da aibi. Kai da kake cewa, "Katako sai na ƙwanƙwasa na ji muryarsa." Wannan maganar tasu ta fi ciwona.

Sai ga wani malamin jami'a ya yi sallama, yana neman guntun katakon da ya karye da kai, wanda na ɓoye a ƙarƙashin gado. Wai suna auna yadda katako ke lanƙwasa ya koma daidai, da haske da kyamara. Na tambayi wa ya gaya masa ina da shi. Ya ce Alhaji Sule. Ashe surukinsa ne.

Ban yarda da shi ba, Baban Asabe. Na sa ƙanenka Bala ya yanko guntu biyu masu tsayi ɗaya, ɗaya daga wanda ya karye, ɗaya daga maɗacin da ka ajiye don gadon Asabe. Ban faɗa wa malamin wanne ne wanne ba. Na ce kuma sai dai a yi awon a gabana.

Shi da abokan aikinsa suka shigar da ni wani ɗaki mai duhu a jami'ar. Suka hana ni motsi, wai ko takun ƙafa yana ɓata hoton. Suka ɗora wa kowane guntu ƙarfe mai nauyi, suka haska shi da wani jan haske. Ni ban ga ya lanƙwasa ba, ina ta kallon hannuwansu kada su musanya.

Da aka wanke hotunan, na maɗacinka layuka ne a jere kamar saƙar tabarma. Ɗayan kuwa sun cunkushe a wuri guda, sun karkace. Malamin ya ɗora yatsa a wurin, ya ce raunin yana can ciki, ido ba ya gani, ƙwanƙwasa ma ba lallai ta nuna ba. Bai yi kuskuren guntun ba.

Sai ya ƙara da cewa mai sayarwa ma ba zai iya gani ba. Gaskiya ce, ko surukinsa yake wankewa? Ban sani ba har yau.

Amma na karɓi hoton. Ranar Juma'a Bala zai kai shi majalisar kafintoci, su gani da idonsu cewa ba ganganci ka yi ba. Na Alhaji kuwa na bar wa Allah.

Allah Ya haskaka makwancinka, Ya yafe maka, Ya haɗa mu a Aljanna.

Matarka har gobe,
Maman Asabe