Keken ɗinkin Hembadoon a ɗakin Kawu

Akurba, Lafia
Yuli, 2001

Zuwa ga Yaya Muhyiddin,

Assalamu alaikum. Ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da Anti Rekiya da yara. Allah ya ƙara muku lafiya a Fatakwal. Mama tana nan, ƙafar ce dai ke damunta in an yi ruwa.

Yaya, ban koma makaranta ba. Tun da rikicin ƙabilancin nan ya tashi, mu ɗaliban likitanci na ƙungiyarmu ta kare haƙƙin ɗan Adam muka tare a firamaren da aka zuba 'yan gudun hijira. Patrick, wanda ke aji na ƙarshe, shi ke raba mana aiki. Amai da gudawa sun kama yara, mu kuma abin da muke da shi ruwan gishiri da sukari ne. Warin wurin yana bin mutum har gida, amma wallahi ba shi ya tayar mini da zuciya ba.

Ka tuna Hembadoon, matar Iorchia, maƙwabtan gonarmu na Adogi, wadda ke ɗinka mana kayan sallah? A can na tsince ta kwance a kan buhu, 'yarta Seember idanu sun faɗa. Da cokali muka dinga ɗura wa yarinyar ruwa har ta farfaɗo. Mijin kuwa har yau ba labarinsa.

Ranar Juma'a na je gaida Kawu Ashafa. Ina shiga ɗaki na ga keken ɗinkin Hembadoon, har da ƙyallen da take ɗaurawa a hannunsa. A tsakar gida ga awakinta, an yanka ɗaya. Da na tambaya, sai Kawu ya ce ajiya ce. Can kuma ya yi dariya ya ce ai masu kayan ba za su dawo ba. Ya miƙo mini nama, yana faɗa wai ina zubar da mutuncin gida, ina wanke kashin 'ya'yan mutanen nan. Yaya, mutumin da ya ci tuwo a gidan Iorchia! Na fita na yi amai a bakin kwata.

Washegari na ari baro, na ɗora keken a gaban matansa, na turo shi da rana tsaka har firamare. Hembadoon ta shafa shi, ba ta tambaye ni inda na samo ba, ni ma kunya ta hana ni faɗa. Yanzu facin gidan sauro take yi wa mutane da shi.

Kawu ya rantse ba zan ƙara taka gidansa ba. Zai aiko maka da ƙarata. Don Allah kada ka ce in ba shi haƙuri, ba zan iya ba. Kai yana jin maganarka, ka tambaye shi sauran awakin.

Ka gaida Anti Rekiya, da ɗanku Ɗanladi in ya zo hutu. Mama tana sa muku albarka.

Ƙanwarka,
Khadijat